Neman Tallafin Karatun Kiɗa: Ina Ɗan Baƙo Zai Samo Takardar Asali?

'Yan'uwa mazauna Minna da kewaye, mai yiwuwa wasu daga cikinku su yi mamakin ganin wannan shafi, wanda ya saba magana a kan rumfunan kasuwa da takardun filaye da ɗaukar aikin gwamnati, yau ya ɗauko zancen karatun kiɗa. To, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin kuwa masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Katangar da ke tare ɗanmu mai neman gurbin karatun likita ko aikin ɗan sanda, ita ce dai ke tare wanda ya gama digirin farko yake neman tallafi don ya zurfafa ilimi a fannin kiɗa. Sai dai shi wannan na ƙarshe ba ya samun mai tsaya masa, saboda yawancinmu ba mu ɗauki abin da yake nema da muhimmanci ba.

Bari mu fara da bayanin yadda abin yake, domin iyaye da yawa ba su sani ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, wadda aka kafa a 1983, ta kimiyya da ƙere-ƙere ce. Saboda haka duk yaron da ke son digiri na biyu ko na uku a kan kiɗa, dole ya ɗaga ido ya dubi nesa. Akwai Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, akwai ta Ile-Ife da ta Legas. A Legas ɗin kuma akwai makarantar ƙungiyar MUSON da ke Onikan, mai ba da difloma, inda gidauniyar MTN ta soma ɗaukar nauyin ɗalibai a 2006. In an ƙetare iyaka, akwai Jami'ar Gana da ke Legon, inda marigayi Farfesa Kwabena Nketia ya yi wa nazarin kiɗan Afirka gagarumin aiki, sannan ga makarantar SOAS a Landan da jami'o'in Amurka irin su UCLA, waɗanda suka daɗe suna nazarin kiɗan al'ummun duniya.

Me waɗannan makarantu na waje ke tambayar mai nema? Suna son ganin sakamakon jarrabawarsa na dukkan shekarun digirin farko. Suna son wasiƙun shaida biyu ko uku daga malaman da suka koyar da shi. Suna son ya rubuta bayanin abin da yake niyyar bincika da dalilinsa. In makaɗi ne, zai aika da hoton bidiyo yana kiɗa, ko ya tsaya gaban malamai su saurare shi. In manazarci ne, zai aika da samfurin rubutunsa. Galibi akwai jarrabawar Turanci, akwai kuma kuɗin cika fom. A Amurka, makarantun kiɗa da dama na rufe karɓar takardu ne a farkon watan Disamba. Wanda ya yi nasara akan yafe masa kuɗin makaranta, a riƙa ba shi ɗan alawus, wani lokaci shi kuma ya taimaka wajen koyar da ƙananan ɗalibai.

A lura da kyau: a duk cikin wannan jeri babu inda aka tambayi ƙauyen da aka haifi kakansa. Kunne ke yanke hukunci, sai kuma takardar makaranta. Baturen da bai san inda Paiko take ba, zai saurari kalangu ko gurmi ko sarewar ɗanmu, ya ce wannan yaro ya cancanta. Matsalar a gida take.

Domin kuwa ba kasafai tallafin waje ke ɗauke komai ba. Kuɗin fom, kuɗin jarrabawar Turanci, kuɗin biza, tikitin jirgi, da abin da zai riƙe kansa kafin alawus ya fara shigowa, sau da yawa duk a wuyan ɗalibi suke. Wanda kuma zai yi karatun a Nsukka ko Ife, kusan komai a kansa yake. A nan ne ake buƙatar hukumomin ba da tallafin karatu na jiha da na tarayya, kuma a nan ne ake cewa da yaro: kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarka, wadda aka fi sani da takardar indijin. Kai, ko fasfo zai yi karon farko, sai an nemi wannan shaida ta ƙaramar hukuma. Bugu da ƙari, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da shirin nan na tura ɗalibai ƙasashen waje bisa yarjejeniya da wasu ƙasashe, wanda ake kira BEA. Ke nan ƙofofi sun ƙara raguwa, waɗanda suka rage kuwa mabuɗinsu ɗaya ne.

To, ina ɗanmu zai samo wannan mabuɗi? An haife shi a Minna, an haifi ubansa a Minna. Firamare da sakandare duk a nan ya yi. Ubansa a nan yake biyan haraji da kuɗin rumfa, a nan yake jefa ƙuri'a, a nan aka binne kakansa. In ya je neman takarda inda aka haife shi, sai a ce asalinku can ne, je ka can. In ya hau mota ya tafi garin da aka ce nasu ne, sai mai unguwa da dagaci su ce ba su san shi ba, ba su san ubansa ba, gidan da yake ambato ma ya daɗe da zama kango. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Kafin ya gama safa da marwa, ranar rufe karɓar takardu ta wuce, sai kuma baɗi in Allah Ya kai rai.

Abin takaici shi ne, tsarin mulkin ƙasa da kansa yana magana da baki biyu a kan wannan al'amari. Sashe na 42 na kundin 1999 ya haramta nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa ko yanayin haihuwarsa. Sashe na 41 ya ba kowa damar zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina. Amma shi wannan sashe na 15 yana cikin babi na biyu ne, wanda sashe na 6 ya ce ba a kai gwamnati kotu a kansa. Sannan sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma lallai ya kasance ɗan asalin jihar, sashe na 318 kuma ya ɗaure zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, ta bi wannan sawu a ƙa'idojinta, har ta ce matar aure ma tana nan a matsayin 'yar jihar iyayenta. Da hannun dama aka ba mu, da na hagu aka karɓe.

Wannan kuka ba mu muka fara shi ba. A 2006 ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto na musamman a kan yadda gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi a Nijeriya ke ware waɗanda ake kira baƙi wajen aiki da gurbin karatu da tallafi da kuɗin makaranta. Kowa ya san abin da rigimar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo a Jos a 2001 da Yelwan Shendam a 2004. Mu a Minna muna gode wa Allah da Ya ba mu zaman lafiya, muna kuma yaba wa iyayen ƙasa a kan haka. Amma zaman lafiya na ƙara ƙarko ne in an gina shi a kan adalci.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. To, mu tambayi kanmu: wace irin raɓa ce ke shekara ɗari ba ta bushe ba? Minna ƙasar Gbagyi ce, wannan ba abin musu ba ne, kuma ba mu taɓa musawa ba. Amma garin ya bunƙasa ne da layin dogon da aka shimfiɗa daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911, kuma ya haɗu da na Legas a nan Minna. Jirgin ya kawo leburori da fatake da mahauta da malamai da akawuna daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da ƙasar Yarbawa da ta Ibo. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 kakannin wasunmu sun riga sun tsufa a wannan gari. Wato dai wasu gidajenmu sun girmi jihar da ake ce mana mu baƙi ne a cikinta.

Wani abin lura kuma, idan ɗan baƙo ya yi suna, ba a jin kunyar cewa namu ne. A Zungeru aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904. A Minna aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921. A Minna aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Booker a Ingila a 1991. Duk lokacin da ake lissafa abubuwan alfaharin wannan yanki, sai an ambace su. Amma da a ce yau ne ɗayansu ya tashi yana yaro ya shiga layin neman tallafi, da ba za a tambaye shi abin da zai iya rubutawa ba, sai dai a nuna masa hanyar tasha.

A fagen kiɗa abin ya fi fitowa fili, domin makaɗi bai san iyaka ba. Marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya, mai kuntigi, an haife shi a Bukur, duniya kuma ta san shi da Ɗanmaraya Jos har ya rasu a 2015. Sunan garin da ya fi kowane gari shan wahalar wannan rigima, shi ya ɗauka ya zaga duniya da shi. Marigayi Alhaji Mamman Shata an haife shi a Musawa, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, aka binne shi a Daura a 1999. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, fasaharsa aka duba. Nan kusa da mu kuma ga marigayiya Hajiya Fatima Lolo, fitacciyar mawaƙiyar Nupe, wadda aka haifa a Patigi, garin da yau yake cikin Jihar Kwara, amma wa zai ce ba abin alfaharin Neja ba ce? Su waɗannan bayin Allah sun taka sa'a, domin a zamaninsu ba a bin ta ofis kafin a ɗauki ganga. Jikokinsu masu son haɗa baiwa da ilimin zamani su ne aka datse wa hanya.

Kuma asarar ba ta yaron kaɗai ba ce. Littafin farko mai tattara kalmomin kiɗan Hausa da bayaninsu cikin Turanci, Turawa biyu ne suka wallafa shi a 1971, wato David Ames da Anthony King. Wani Ba'amurke, Fremont Besmer, ya yi bincike mai zurfi a kan makaɗan fadar Kano da kiɗan bori. Malamanmu na gida irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi namijin ƙoƙari wajen tattara tarihin makaɗa da nazarin waƙoƙinsu. Amma har yanzu muna da ƙarancin waɗanda suka ƙware a kan shi kansa amon kiɗan: yadda kalangu ke bin karin harshe har ya yi magana, bambancin kotso da taushi, yadda ake ɗaure goge da garaya, da yadda za a rubuta duk wannan a adana. Tsofaffin makaɗa na ƙarewa, faya-fayansu na lalacewa. Yaron da ya tashi a Minna yana jin kiɗan Gbagyi da na Nupe da na Hausa da na Yarbawa a unguwa ɗaya, yana kuma jin harsuna biyu ko uku, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki. In aka tura shi ya karanto, jihar da ya tashi a cikinta ce za ta fara cin moriya.

Mun san hujjojin da ake kawowa, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. 'Yan'uwanmu 'yan asalin jiha na cewa kuɗin kaɗan ne, ko nasu 'ya'yan bai ishe su ba, kuma an daɗe ana barinsu a baya a fannin ilimin boko. Gbagyi musamman na da dalilin fargaba, ganin yadda kafa babban birnin tarayya a 1976 ya raba da yawa daga cikinsu da ƙasar gadonsu. Wannan magana ce mai nauyi, mun kuma girmama ta. Amsarmu ita ce, ba sarauta muke nema ba, ba kuma ƙasar gado ba. Waɗannan na masu su ne. Abin da muke magana a kai shi ne tallafin da ake bayarwa daga baitulmali, wanda harajin kowa ke shiga, kuma yawan jama'a na cikin ma'aunin da ake bi wajen rabon kuɗin tarayya. Ranar ƙidaya an ƙirga da mu, ranar zaɓe an neme mu, to ranar rabo me ya sa za a manta da mu?

Akwai kuma masu cewa in aka buɗe ƙofa, baƙo zai ci nan ya ci can. Wannan abu ne mai sauƙin magani a yau da ake da lambar shaidar ɗan ƙasa. A ce mutum ya zaɓi jiha ɗaya, a rubuta, duk wanda aka kama ya karɓa a wuri biyu a hukunta shi. Kada kuma a manta, 'ya'yan Neja da aka haifa a Kano da Kaduna da Legas da Jos suna shan irin wannan ukuba a can. Gyaran da muke nema zai amfane su kamar yadda zai amfane mu. Kuma ba abu ne da ba a taɓa gwadawa ba: maƙwabciyarmu Kaduna, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i (2015 zuwa 2023), ta bayyana cewa zama a jiha za ta riƙa dubawa maimakon asali, ta kuma kafa hukumar yi wa mazauna rajista. A majalisar wakilai ma mataimakin kakaki Benjamin Kalu ya gabatar da ƙudirin da zai ba wanda ya shekara goma a wuri damar zama ɗan wurin, amma ya janye shi a 2025 bayan suka daga ɓangarori da dama. Wannan ya nuna cewa jiran Abuja zai ɗauki lokaci, gara a fara daga gida.

Sai kuma mu juyo kan iyaye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A gidaje da yawa, da zarar yaro ya ce kiɗa zai karanta, sai a ce roƙo zai yi, maroƙi zai zama, ya zubar da mutuncin gida. Shata ma sai da ya sha irin wannan daga mahaifinsa. Ba mu zo mu yi fatawa ba, wannan fagen malamai ne, kuma kowane uba na da ikon tarbiyyar ɗansa. Amma ya kamata a san cewa mai digiri na biyu a wannan fanni na iya zama malamin jami'a ko na kwalejin ilimi, ko jami'in adana kayan tarihi, ko ma'aikacin gidan rediyo da talabijin, ko mai horar da 'yan badujala na soja da 'yan sanda, ko mai tsara sauti a masana'antar fina-finai. Ko da kuwa mutum ba ya sha'awar fannin, haƙƙi haƙƙi ne. In muka yi shiru aka hana mai neman karatun kiɗa don ba ma son kiɗa, da wane baki za mu yi magana gobe in aka hana mai neman karatun injiniya da hujja iri ɗaya?

Saboda haka muna kira kamar haka. Na farko, ga gwamnatin jiha da majalisar dokoki: a yi doka da za ta amince da takardar shaidar zama, ta yadda duk wanda aka haifa a jihar nan, ko ya yi firamare da sakandare a nan, kuma iyayensa na da shaidar biyan haraji, zai iya neman tallafin karatu. In ba za a daidaita gaba ɗaya a tashi ɗaya ba, a ware wani kaso da za a yi takara a kansa bisa cancanta zalla, a kuma buga sunayen waɗanda suka samu don kowa ya gani. Haka nan a sanya kiɗa da sauran fannonin fasaha cikin jerin darussan da ake tallafa wa.

Na biyu, ga shugabannin ƙananan hukumomi da iyayen ƙasa: a rubuta sharuɗɗan ba da takarda a manna a bango, kuma duk wanda aka hana, a ba shi dalili a rubuce. Abin da aka bari a duhu shi ke haifar da cin hanci da zargi.

Na uku, ga 'ya'yanmu masu nema: ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara shiri shekara guda kafin lokaci. Ku nemi sakamakon jarrabawarku daga jami'a da wuri, don yakan ɗauki watanni. Ku tuntuɓi malaman da za su rubuta muku shaida tun da sauran lokaci. Ku ɗauki kiɗanku a wuri mara hayaniya. Ku rubuta wa malamin da kuke son ya duba bincikenku, ku faɗa masa takamaiman abin da za ku nazarta, kamar kiɗan maƙera ko na mahauta ko na 'yan dambe a wani gari, maimakon ku ce al'adun Afirka baki ɗaya. Ku tambayi makaranta ko tana yafe kuɗin fom ga marasa hali, domin wasu na yi. Sannan muna gargaɗinku da babbar murya: kada ku sayi takardar jabu, kada ku canza sunan uba ko na gari. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka gano, digiri da aiki da mutunci duk za su tafi, kuma za ku ɓata wa na bayanku hanya.

Na huɗu, ga mu kanmu 'yan wannan ƙungiya: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu buɗe rajistar duk yaron da aka hana takarda, da rana da dalili, domin da hujja ake zuwa gaban hukuma, ba da surutun majalisar shayi ba. Mu ware wani abu daga kuɗin wata-wata don biyan kuɗin fom da jarrabawa ga waɗanda suka cancanta. Dattawanmu kuma da har yanzu ke da dangantaka da garuruwan asali, su riƙa raka yara ko ba su wasiƙa zuwa ga dagatai, kafin Allah Ya kawo gyara.

An ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Nijeriyar da kowa ke mutuwa a ƙauyen da aka haife shi ta wuce tun zuwan jirgin ƙasa. Lokaci ya yi da za a daina tambayar yaro inda kakansa ya fito, a tambaye shi abin da zai yi wa garin da ya raine shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da Jihar Neja da Nijeriya lafiya, Ya yi wa 'ya'yanmu albarka baki ɗaya, amin.